Haladu Mai Jirgin Feshi

A unguwar Dubeli aka haifi Haladu, ɗan wani mai gyaran rediyo wanda fatauci ya kawo kakanninsa Jimeta. Da ƙyar ya kammala karatun tuƙin jirgin sama, kuma bai taɓa ɗaukar fasinja ba. Aikin da ya samu shi ne feshin jan-baki, tsuntsayen nan da ke cinye shinkafa da dawa tun kafin a yanka. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke shi, jirginsu ɗaya mai kujera biyu. Kujera ta biyu ta Apollos ce, injiniyan jirgin, mutumin Ngurore, dogo mai yawan dariya, wanda ba ya kiransa komai sai Kyaftin, ko da kifi suke ci a bakin Binuwai.

A gaban matuƙi akwai wata 'yar na'ura, tiransfonda, mai lambobi huɗu. Idan rada, na'urar hango jiragen sama, ta lalubo jirgi daga ƙasa, ita ce ke amsawa da lambar, sai wata ƙaramar fitila ta ƙifta. Inda Haladu ke aiki, ƙasa-ƙasa a bayan duwatsu, rada ba ta kaiwa. Duk da haka kullum yakan saka dubu biyu, lambar jirgin da ba a ba shi lamba ba.

"Wa kake wa magana da ita a dajin nan?" Apollos ya taɓa tambayarsa.

"Wataƙila wani babban jirgi ya wuce ta samanmu, ya san da mu."

A kakar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, suna ƙarasa feshi can arewa da Yola. Kamfani ya ce su kawo jirgin gida. Suka tashi da hantsi. Daga sama suna hango mutane a ƙafa, layi-layi, da kaya a ka, duk sun nufi kudu. Ba su yi nisa ba mai ya fara tsiyaya daga inji, ya ɓata gilashin gaba. Haladu ya kira hasumiyar filin jirgin Yola, duwatsu sun tare muryarsa. Ya juya na'urar zuwa bakwai-bakwai-sifili-sifili, lambar neman agaji, wadda duk mai rada da ya gan ta zai bar abin da yake yi. Fitilar ba ta ƙifta ba.

Ya saukar da jirgin a wata gonar dawa, lafiya lau, ko ƙwarzane ba su yi ba.

Mutanen ƙauyen da ke kusa ba su daɗe da binne 'yan'uwansu ba, kuma an jima ana raɗe-raɗin cewa ta sama ake kawo wa maharan makamai. Suka fito da sanduna da adduna. Sun ga baƙi biyu, sun ga tanki mai warin guba.

"Zauna, Kyaftin," in ji Apollos. "Ina jin yarensu. Bari in yi musu bayani."

Ya sauka hannuwansa a sama. Bai gama gaisuwa ba aka sare shi. Aka jawo Haladu, aka rufe shi da duka, sai da wata tsohuwa ta kwanta a kansa tana cewa ta san jirgin nan, shi ya kori tsuntsaye daga fadamarsu bara. Kafin la'asar Apollos ya cika.

Haladu ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi, da shi kuma lasisin tuƙi. Da ya iya miƙewa, ya je Ngurore wurin Rifkatu, matar Apollos. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna nesa kaɗan.

"An ce kun nemi taimako tun kuna sama," ta ce. "Wa ya ji bai zo ba?"

"Babu wanda ya ji, Adda," ya ce, yadda ake kiran yaya mace a can. "Ba laifin kowa ba ne. Mun yi ƙasa da yawa."

Ya gane da ma ta so a ce akwai wanda za ta kama da laifi.

Yanzu yana zaune a tsohon shagon babansa, yana sayar da batura da fitilun sola. Ba ya yawan magana, kuma ba ya bin hanyar filin jirgi in akwai wata.

Bara dattawan ƙauyen suka aiko cewa suna so su zo neman gafara. Haladu ne ya tarye su a tasha, ya kai su gidan Rifkatu. A cikinsu ya gane wani mai gajeren wuya da tabo a goshi, yana cikin waɗanda suka far musu ranar nan. Suka durƙusa, babbansu ya yi dogon bayani, ya ambaci waɗanda aka kashe musu, har da 'ya'yansa biyu. Rifkatu ta saurara har ƙarshe.

"Na ji," ta ce. "Ku sha ruwa ku kama hanya tun rana ba ta faɗi ba."

Suka sha, Haladu ya mayar da su tasha.