Ranar da Na Ce Ban San Yunusa Ba

Gidanmu na Ammariyya ba shi da tsakar gida, sai saman bene, inda tankin ruwa yake da igiyoyin shanya. Can Habboba, kakata ta wajen uba, take hura garwashi da an idar da sallar magariba, ta ɗora ɗan tulun gahawarta. Duk zafin Jidda bai taɓa raba ta da wutar nan ba, wai gahawar da aka dafa a kan gas ta marasa haƙuri ce. Mu Hausawan Sudan ne. Babana direba ne, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, na yawo da shi gari-gari, sai ya yi mako bai kwana gida ba. Mahaifiyata kuwa ta rasu ina goye. Don haka mu uku ne a bakin wutar: Habboba, da ni, da Yunusa.

Yunusa ba jininmu ba ne. Uwarsa maƙwabciyarmu ce, 'yar Nijeriya da ta zo Umra ta ƙi komawa, tana tallar gyaɗa a kasuwar Balad. Wata safiya ta miƙa wa Habboba shi yana ɗan shekara uku, ta ce a riƙe mata zuwa azahar. A ranar kame ya rutsa da ita, aka mayar da ita ƙasarsu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Yaron ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da takardar haihuwa, babu sunansa a littafin kowa. Maƙwabta suka yi ta ja wa Habboba kunne, wai tsintacciyar mage ba ta mage, kuma ranar da aka gane tana ɓoye marar takarda, iƙamar ɗanta ce za ta tafi, a tattara mu gaba ɗaya. Ta ce ita ba tsintuwa ta yi ba, amana aka ba ta, kuma mai amanar ba ta zo karɓa ba tukuna. Ni dai na buɗe ido na gan shi a gidan, Yaya nake ce masa. Shi ya koya mini ɗaurin takalmi, shi yake riga ni ƙanzon shinkafa, shi kuma nake kai wa ƙara in 'yan unguwa suka taɓa ni.

Ina shekara tara Habboba ta samu aikin guga a wani gida a unguwar Bagdadiyya. 'Yan matan gidan sun kamu da wani wasan kwaikwayo na mutanen Sin, kullum la'asar suna gaban talabijin. Daga inda take guga rabin allon kawai take hangowa ta ƙofa. Ba ta jin yaren, rubutun Larabcin da ke wucewa a ƙasa kuma ya fi idonta sauri. Amma haka za ta dawo mana da labari cikakke, har da abin da kowa ya faɗa. Na taɓa ƙure ta, na ce yaushe ta koyi yaren Sin? Ta dungure mini kai, ta ce mai jin yunwa da mai kuka ba sa bukatar tafinta.

Tun daga nan ta ajiye tsofaffin tatsuniyoyinta gefe. Da gahawa ta fara ƙamshi sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, daga ƙasar Sin ta taso, ta sha hanya."

Mu kuma mu amsa, "Ta zo ta huta, mu ji ta."

Dokarta ɗaya ce, ba a Larabci a bakin wuta. Ni da Yunusa kuwa Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausarmu duk a karkace take. In na yi kuskure dariya kawai take yi. In shi ya yi, sai ya maimaita har sau uku, kuma shi take sa wa ya sake ba da labarin jiya kafin ta ɗora na yau. Ni da wautata har daɗi nake ji, na ɗauka ni ce 'yar gata.

Labarin na wani tsoho ne mai gyaran keke a ƙasan wani dogon bene, tabaraunsa ɗaure da zare. Yana da jika mace, wadda Habboba ta raɗa wa Tagida. Wata rana ana ruwa suka tarar da yaro takure a ƙarƙashin matakala, uwarsa ta hau jirgin ƙasa ta bar shi. Shi ne Tsintau. Tsoho bai tambaye shi ɗan wa ba, kwanon taliya ya tura masa, daga nan kuma yaro bai sake barin gidan ba. Suka taso tare, suna faɗa a kan ƙwai guda, suna hawa keke ɗaya, yana tuƙi tana baya. A makaranta wani ya ce ƙarya take, ba yayanta ba ne tunda ba su yi kama ba, ita kuwa ta fasa masa baki. A wannan wurin nakan saci kallon Yunusa, shi ma ya ɗaga mini gira. Habboba kan ɗauki awartakin garwashi ta gwada mana yadda suke cin taliya da tsinke biyu, mu yi ta dariya har maƙwabcin ƙasa ya buga rufi da sanda.

Ana nan sai wata rana ta zo da labarin ba fara'a. Ta daɗe tana juya garwashi kafin ta fara.

"Sai ga baƙar mota ta tsaya a ƙofar shago," in ji ta. "Mutanen ciki suka riƙe hannun Tsintau, suka dubi Tagida suka ce, ke, kin san wannan? To in ta ce ta san shi, shi ke nan, a rufe shagon tsoho, a kore su duka daga garin. Sai ta dube shi kamar bango take kallo, ta ce ban san shi ba. Shi kuma bai waiwayo ba ko sau ɗaya, don kada idonsa ya tona mata asiri."

Na fashe da kuka, na ce Tagida muguwa ce. Habboba ta ce in bari ta ƙarasa. Wai bayan shekara guda Tsintau ya dawo a kan sabon keke, ya tarar da shago a buɗe, tsoho na nan, taliya na kan wuta. Da yarinyar ta saki baki, wa zai tarar? Baki, in ji ta, shi ke yanka wuya.

Sauran labarin sau ɗaya take ba mu shi ta wuce, amma wannan wurin ta yi ta dawowa kansa har muka gaji. Daga baya ma ta mai da shi wasa. Ita ce mai baƙar mota, ni ce Tagida. "Yalla, ya bitti, wannan karon da Larabci," za ta ce, kuma a nan kaɗai take karya dokarta. In ce, "Ma a'rifu," wato ban san shi ba. Yunusa ya juya baya ya taka har tankin ruwa. Shi kuwa ɗan neman magana, yana kaiwa rabi sai ya waiwayo ya yi mini gwalo, in tuntsire da dariya, Habboba ta haɗe rai ta ce a sake daga farko. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni a lokacin wasa na ɗauke shi.

Ina shekara goma sha biyu, shi sha biyar, ya yi tsawo har ya kere Baba, kuma tsawon nan ne ya sa aka rage masa fita. Wata la'asar Habboba ta aike mu bakin layi sayen tamis, burodin nan mai faɗi da ake fitarwa da zafinsa. Muna dawowa muka tarar masu duba takardu sun tare layin ta bakinsa biyu. Ni kwafin iƙamata yana ninke a aljihun abayata. Wanda ya tare mu dattijo ne mai furfura, bai ma ɗaga mana murya ba. Ya duba takardata ya miƙo mini, ya tambayi Yunusa tasa, Yunusa ba shi da abin miƙawa. Sai dattijon ya nuna shi da haɓa, ya tambaye ni ko yayana ne.

Ban yi tunani ba, kuma wannan ne yake ci mini rai har yau. Da na tsaya na auna gidanmu da Yaya, na zaɓi gida, da na san zunubina na tuba. Bakina ne ya faɗa shi kaɗai, tiryan-tiryan, kamar karatun da aka haddace.

"Ma a'rifu."

Yunusa ya ajiye tamis ɗin a kan dakalin wani shago, a hankali, ya bi su. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa har ya shiga motarsu, ina jiran gwalon nan. Bai waiwayo ba. Na ɗauki burodin na kai gida da ɗuminsa.

Habboba ta dubi burodin, ta dubi bayana, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Kin yi daidai," ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, na ji tana kuka irin wanda ba ta yi ba ko a zaman makoki. Baba bai isa ya nuna fuskarsa ba, sai wani ya tura ya bincika a ɓoye. Abin da aka samo kawai shi ne an kai shi Nijeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba, inda bai san ko sunan garin uwarsa ba. Da shekara ta zagayo, kullum ina saman bene ina leƙen layi, ina jiran keke. Habboba ba ta sake hura garwashi ba, ta koma gahawar gas. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ba mu taɓa ɗauko zancen ba.

Yanzu lalle nake yi wa mata, amare da baƙin Umra. Bara wata amarya ta jingine wayarta tana kallo, hannunta yana kan cinyata. Ina ɗagowa na ga tsoho mai tabarau ɗaure da zare, sai da na ɓata mata zane. Na karɓi sunan wasan a wurinta, na yi kwana tara ina kallonsa. Komai yana nan: matakalar, ƙwan, bakin da aka fasa. Baƙar motar ma tana nan. Sai dai dangin uban yaron ne suka zo ɗaukarsa, kuma babu wanda ya tambayi yarinyar komai. Da motar ta tashi, bin ta ta yi a guje ba takalmi tana ƙwala masa kira, shi kuma ya manna fuskarsa a gilashin baya. Habboba ta ga wannan da idonta, da dutsen guga a hannu. Ta dawo gida ta ba mu wani labarin dabam.

Na yi fushi da ita tana kabari, Allah ya yafe mini. Sai da fushin ya lafa na tuna dokar Hausar nan, da yadda take tisa shi yana maimaitawa. Ta san ranar tana tafe, ta san inda za a sauke shi. Ba ta da takardar da za ta ba shi, sai ta ba shi yaren da zai roƙi ruwa da shi. Ni kuma ta ba ni kalma biyu. Iƙamar Baba ta tsira, ba a kore mu ba, duk abin da na ci a Jidda daga ranar zuwa yau a kan kalmomin nan na ci shi. Ba zan ce ta yi laifi ba, amma har yanzu bakina ya kasa yi mata godiya. Kuma ban sani ba ko Yunusa rabonsa na wasan ya yi da ya ƙi waiwayowa, ko kuwa jin muryata ne ya hana shi.

Duk hajiyar Nijeriya da ta zauna in yi mata lalle, sai na tambaye ta ko ta taɓa haɗuwa da wani dogo mai suna Yunusa, wanda Hausarsa ke fita da Larabcin Jidda. Sukan ce Yunusa wa, ɗan wane gari? In ce ban sani ba. Daga nan sai su tambaye ni shi wane ne a wurina.

"Yayana ne," nake cewa, da ƙarfi, har wasu su ɗago su dube ni. Yau shekara goma sha uku ke nan da dattijon nan mai furfura ya yi mini tambayar.