Zaren Kawu Tanimu da Soron Inna

Duk wanda ya san Kawu Tanimu a Kwarbai ya san ba ya shiga gida sai ya fara gaisawa da bango. Ya ɗora tafin hannu, ya kara kunne, sannan ya yi sallama. Mai gida na tsaye da hannu a miƙe, shi kuwa sai ya ce, "Dakata, Alhaji, katangarka na magana."

A ɗakin gwaje-gwajen jami'a ya ƙare aikinsa, da ya yi ritaya sai ya kwaso sana'ar ya jibge mana a zaure. Ruwan roba yake zubawa a siririn layin da ya karta a jikin gilashi, ya gasa da wata fitila mai shuɗin haske har ya daskare, ya fito zare kamar taliya amma garai-garai. In ka haska bakin zaren, hasken ya bi ciki ya fita ta ɗaya bakin. In an ja shi ko an lanƙwasa, hasken ya ragu, wata 'yar mita ta nuna. Gilashin kuwa na tagar ɗakinsa ne, ɗaya bayan ɗaya ya zare su. Da matarsa ta yi kukan sauro, cewa ya yi, "Sauro ya taɓa rushe gida?"

Ranar zubi ba shara, ba daka, ba tankaɗe, wai ɗigon gari ɗaya zai lalata zare. Ni da gemuna ya taɓa korata don na yi atishawa. "Je ka ƙarasa ta a Ƙofar Doka!"

Duk wannan wahala saboda soron Inna ce, mahaifiyata, yayarsa. Tsohon ginin ƙasa ne, da tsaga a kusurwa. Kowace shekara magini ya yaɓe, Kawu ya ce an dai shafa wa ciwo hoda. Inna ta ce a ɗakin aka haife ta, ba inda za ta. Sai ya manna zarensa a kan tsagar, ya ja waya zuwa zaure.

Wata safiya lambar mitar ta faɗi warwas. Kawu ya fito ba hula. "Yaya, fito! Fito!" Muka kwashe gado da kwanuka, maƙwabta suka cika gida. Da ya lallaɓa ya leƙa, me zai gani? Inna ta rataye jerin busasshiyar kuɓewa a jikin zaren.

"To ni na ga igiya zaune a banza," in ji ta.

Kai, ya sha tsiya! Har a masallaci tambayarsa ake, "Malam Tanimu, yau kuɓewa ta motsa?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni, in riƙa duba mitar kullum. Wallahi don kunya kawai nake dubawa. Da damina ta yi nisa aka kwana uku ana ruwa, sai na ga lambar tana sauka a hankali. Na ruga na duba ko an rataye wani abu. Babu komai. Nan take na hau roƙon Inna ta fito.

Da ƙyar Inna ta yarda ta koma ɗakin matar Kawu, tana tafe tana mita. "Tanimu, ka mutu ma ba ka bar ni na huta ba?"

Washegari bayan azahar muka ji rugugi. Soron ya zauna, azara ta sauka daidai inda gadonta yake. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe yaron nan yana da hankali." Yaron da ya rasu da furfura har a gira!

Na zauna cikin taɓo ina dariya ina hawaye, ina ta kallon uwata da ranta. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe mana dariyar da muka yi maka. Yadda ka tsare 'yar'uwarka, Allah ya tsare ka a makwancinka.