Tafkin da Andrawus Ya Gina Ba Baki

Andrawus magini, mutumin Kusasu, abu ɗaya yake tinƙaho da shi: shekara ashirin yana ɗaure bakin rijiya da siminti, ko ɗan akuya bai taɓa faɗawa wadda ya ɗaure ba. Mu abokan hirarsa mun sha jin wannan magana har mun haddace.

Shekarar da naira ta fito, Alhaji Mamuda ɗan kwangila ya gina gida a bayan gari, ta wajen daji, ya ce sai an yi masa tafkin wanka irin na Turawa. Ya kira Andrawus, ya buɗe masa wata mujalla mai hotunan tafkuna. Ga mai zagayayyen baki, ga mai matakala, ga wanda ruwansa ke cika daidai da ƙasa, ba baki sam.

"Wannan na ƙarshen nake so," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, bari in ɗaga bakin ko zuwa gwiwa. Nan hanyar shanu ce."

"Kai Andrawus, rijiya na ce ka gina mini? Ka ga saniya a hoton nan?"

Gaskiya babu saniya a hoton. Ni ma na duba.

Ya gina, ya shimfiɗa tayil mai santsi kamar miyar kuɓewa. Katanga kuwa aka ce sai an samu sarari.

Da rani ya tsananta, Jumare makiyayi ya fito daga daji da garkensa. Dabba kuwa in ta ga ruwa kwance ba baki, ba ta tambayar mai shi. Shanu suka ruga. Uku suka zame ciki, kofato ya rasa abin kamawa. Kafin a kawo igiya da wuƙa, duk sun zama mushe.

Ba wanda ya tambayi wa ya zaɓi hoton. Wa ya gina, shi kawai aka tambaya. Daga Kusasu har Kazage, ba a sake kiran Andrawus ɗaurin bakin rijiya ba.

Yanzu itace yake sarowa a daji. Kwanaki na tsokane shi, na ce, "Magini, yaushe za a fara nawa tafkin?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Usman, da ban sani ba ne, da sauƙi. Na sani, na gina."

Bakin rijiyar gidansa ma ya tsage tun bara. Matarsa Naomi ke rufe ta da tsohon kwanon rufi. Shi ko kallon rijiyar ba ya yi.