Kwamfutar Malam Barau da Firjin Hajiya Indo

Wata rana wani tsohon mai ɗaukar hoto, Malam Barau, ya shigo gida da wata ƙatuwar kwamfuta a bayan mashin. Sai da mutum biyu suka kama masa.

Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar mutanen garinsu hoto. Suna, biki, saukar karatu, 'yan ƙwallo, mahauta a bakin kasuwa. Da ido ya fara rauni ya rufe shago, sai ya kwashe hotunan nan kaf ya zuba a wata tsohuwar kwamfuta da ke kusurwar ɗakinsa, aka buɗe masa shafi a intanet.

Kwamfutar ba a kashe ta. Ita ke riƙe da shafin. Duk ɗan garin da ke Legas ko Jidda, in ya buɗe waya, daga ɗakin Malam Barau hoton mahaifinsa ke zuwa masa.

Amma tana da nawa. Mutum ya taɓa hoto, sai ya gama shan shayi bai ga fuska ba. Ƙorafi ya yi yawa, abin ya tsaya wa tsohon a rai.

Shi ya sa ya sayo babbar. Ta wani ofis ce da aka rufe. Fanka huɗu gare ta, in ta tashi kamar injin markaɗe.

Unguwarsu wuta ba ta zama. Da sola gidan yake rayuwa, batir biyu ne kacal. A kan batiran nan akwai ƙaramin firji, a cikinsa kuma allurar ciwon sugan matarsa, Hajiya Indo, wadda likita ya ce kada zafi ya taɓa ta.

Ga shi bazara ce.

Ya mayar da shafin kan babbar, ya kunna ta. Washegari da safe aka tarar firjin ya kwana a mace. Malam Barau ya ce ƙura ce a kan farantin sola. Ya hau ya goge.

Kwana na biyu, haka. Ya ce batir ne bai cika ba.

Ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Rana ta huɗu Hajiya ta tashi za ta ɗora ruwan koko, jiri ya kwashe ta, ta dafe bango. A asibiti aka duba allurar, aka ce zafi ya lalata ta, a zubar da sauran.

Da suka dawo ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a tabarma, ta kalli kwamfutar da ke ta gurnani, ta ce, "Malam, mutanen da ke cikin hotunanka yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Ba sa bukatar sanyi. Ni ce mai rai."

Ya miƙe ya zare waya daga bango.

Shafin ya mutu.

Kwana biyu ya kasa cin abincin kirki. In ya kunna, ya cuci matarsa. In ya bari a kashe, aikin shekara arba'in ya zama akwati a kusurwa.

Sai ya yanke shawarar ƙaro batir. Ya shiga layin masu sola, ya tsaya a shagon wani mutum da bai taɓa gani ba, mai furfura a gemu, ana ce masa Lawandi.

"Batir biyu nake so, manya."

Lawandi bai tashi daga kujera ba. Ya tambayi me za su ja. Tsohon ya yi bayani a taƙaice, yana cin magani.

"Baba, mutum nawa ke shiga shafin a lokaci guda?"

"Ranar Sallah sukan kai goma sha biyu."

"Ikon Allah. Fasinja goma sha biyu, ka sayo musu tirela."

"Kai, batir na zo saya, ba wa'azi ba."

"Na sani, Baba. In na sayar maka, wata uku za ka dawo kana zagina. Nuna min hoto ɗaya."

Ya nuna masa wani da ya ajiye a waya. Lawandi ya duba nauyin hoton, ya riƙe baki.

Ashe ga inda matsalar take. Malam Barau mai hoto ne na gaske, bai yarda a rage wa hoto ko ƙwayar zarra ba. Kowanne ya saka shi da cikakken girmansa, irin wanda za a iya bugawa a rufe bangon gida. Shi ake turo wa mai ƙaramar waya a Legas.

Tsohuwar kwamfutar ba ta da laifi. Kaya aka yi mata fiye da kima.

Lawandi ya ja ƙofar shagonsa, ya bi shi gida da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi rabin burodi ba. Ya mayar da shafin kanta, ya yi wa kowane hoto ƙaramin kwafi daidai waya. Manyan na asali ya adana su daban, ba a taɓa ko ɗaya ba, don tsohon ya tsaya a kansa yana cewa, "Kada ka lalata min fuskar mutane."

'Yar kwamfutar ba ta ƙara. Wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan lantarki ɗaya ba.

Aka taɓa hoto. Kafin a ɗage yatsa ya buɗe.

Da gari ya waye Malam Barau bai je wurin kwamfuta ba. Firji ya fara buɗewa. Ya sa hannu, ya daɗe bai fitar ba.

Hajiya ta ce daga ɗaki, "Da sanyi?"

"Da sanyi."

"To rufe min, kada ka ƙarar."

Malam Barau ba ya iya doguwar godiya, bakinsa bai saba ba. Da la'asar ya zaro kyamararsa daga ƙasan gado, ya karkaɗe ta, ya tafi layin masu sola.

"Tashi ka tsaya a ƙofar shago. Gyara hular. Kada ka yi dariya."

Lawandi ya yi dariyar.

Yau duk wanda ya buɗe shafin, wannan hoton yake fara gani. A ƙasa an rubuta: Mutumin da ya ƙi sayar min da batir. Allah Ya saka masa da alheri.

Darasi:

Kafin ka ƙaro ƙarfi, duba kayan da ka ɗora. Kafin ka faranta wa na nesa, duba wanda ke cikin gidanka. In kuma Allah Ya haɗa ka da mai sana'ar da ya gaya maka gaskiya alhali kana riƙe da kuɗinka a hannu, kada ka manta shi a addu'a.

Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sayen abin da ya fi ƙarfin gidansa. Ku tura wa mai gyaran da ya taɓa hana ku asara, ku ce masa kun gode.