Baba Hammadu, wanda ya bi hayaƙin mota ya wanke Tasi'u

Da hantsi, rana ta fara cizo, hadarin gabas yana taruwa yana watsewa, za ka same shi zaune a kan tsohuwar taya a gindin darbejiyar bakin tashar Gwarzo. Koko da ƙosai a gefe, sifanu a shimfiɗe kan buhu. Ba ya taɓa mota sai ya gama karyawa, kuma ba ya buɗe bonet sai ya sa an tayar da inji ya saurara, kai a sunkuye kamar mai jin karatu. Wannan shi ne Baba Hammadu bakanike. A watan nan yake miƙa garejin ga ɗansa Lukuman, don ido ya fara gajiya. Ni ba mai ilimi ba ne, manomi ne daga Madadi, amma na ga abin da ya kamata a faɗa tun yana raye.

Manyanmu sun ce ya buɗe garejin ne lokacin tsuke bakin aljihu, sa'ad da kayan gyara suka gagari talaka. A nan ya koyi lallaɓa tsofaffin motoci. Direbobin Kutama har yau suna ba da labarin yadda yake yanka gaskit, shimfiɗar da ke liƙe kan inji, da hannunsa ya zauna daram. Amma wanda na gani da idona shi ne na Tasi'u.

Tasi'u ɗan ƙauyenmu ne, yana tuƙa tsohuwar a-kori-kura ta Alhaji Maikuɗi, mai sayen hatsi. Motar ta girmi Tasi'u. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ta fara wani hali: a cika mata baƙin mai, a je Kabo a dawo, a ga ya ragu. Ruwan lagireto ma haka. Kuma inda ta kwana ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. To ga mahaifiyar Tasi'u, Gwaggo Yelwa, tana da injin niƙa a ƙofar gida. Sai magana ta tashi cewa man Alhaji ne ke juya injin Gwaggo.

Alhaji ya ce zai kai ƙara gaban alƙali. Lokacin nan kuwa kowa zancen yanke hannu yake a shayi da majalisa. Malamai sun ce ba haka hukuncin irin wannan yake ba, amma wa zai fahimtar da uwa? Gwaggo Yelwa ta daina niƙa, ta daina cin abinci. Da ƙafa ta tako har gareji.

Ta ce, "Malam Hammadu, ɗana bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ka duba mini ƙarfen nan, ko zai yi magana."

Ya ce, "Yelwa, ƙarfe ba ya ƙarya, amma ba ya kara. In ya faɗi abin da ba ki so, za ki iya ji?"

Ta ce za ta iya.

Ranar kasuwa aka kawo motar. Mutane suka cika gindin darbejiya, har da wani ɗan Hisba da Alhaji ya gayyato shaida. Tasi'u yana tsaye ya harɗe hannuwa a baya.

Alhaji ya ce, "Hammadu, ba dogon bincike nake so ba. Mota ba ta yoyo. Aljanu ne ke shan man?"

"Alhaji, in aljanu ne ai sai mu kira malam. Bari mu fara da na mutane."

Ya sa Alhaji ya zuba mai da hannunsa har ya kai zanen geji, sandar auna mai. Ya kwaɓa yumɓu ya shafe murfin mai da noti na ƙasa inda ake juye mai, ya ce Alhaji ya danna babban yatsansa a kai. Aka loda buhunan masara. Ya ce Alhaji ya zauna gaba kusa da Tasi'u, a bi ta Durun zuwa Kabo a dawo, kada a tsaya ko'ina. Shi kuma ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi bayansu, hancinsa dab da salansar motar.

Kafin su tashi ya faɗa a gaban kowa, "In sun dawo mai bai ragu ba, ba ni da abin cewa, Tasi'u."

Wallahi jiran nan ya yi tsawo. Aka yi azahar ba su dawo ba. Gwaggo Yelwa tana zaune a rana, an yi an yi ta koma inuwa ta ƙi, carbi kawai take ja. Wani mai bakin tsiya ya ce wataƙila yaron ya tsallaka Katsina da Alhajin gaba ɗaya. Ba wanda ya yi dariya.

Da suka iso, fuskar Baba Hammadu ta yi baƙi ƙirin, rigarsa duk ɗigon mai. Ya hana a taɓa komai sai inji ya huce. Sannan ya nuna wa ɗan Hisba yumɓun, shatin yatsan Alhaji yana nan bai motsa ba. Ya zaro geji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya miƙa wa Alhaji. Mai ya sauka ƙasa da zane.

Gwaggo Yelwa ta kifa goshinta a ƙasa.

Alhaji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ina ya tafi?"

Baba Hammadu ya nuna rigarsa. "Ga shi nan a jikina. Hayaƙi biyu take yi. In ta gangara ta sake ɗaukar wuta, shuɗi ne, mai ke ƙonewa, zoben fistin sun saki. In ta hau tudu, fari ne mai danshi, ruwa ke nan." Ya kwance fulogi ya jera. Uku sun yi baƙi da maiƙo, ɗaya fes kamar an wanke da sabulu. "Wannan ruwa ke wanke shi. Gaskit ya ƙone ta wajensa. Ba ta yoyo a ƙasa, a cikinta take yi, salansa ta fitar."

Ya buɗe lagireto ya tsoma yatsa. Abin da ya fito kore ne mai yauƙi. Ya shinshina, ya ɗaga ido ya dubi Tasi'u, Tasi'u ya sunkuyar da kai. Ya dubi Alhaji, Alhaji ya shiga gyara hularsa. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san dabarar: in lagireto ya tsage, a zuba garin kuka ya toshe. Yana toshe tsagar, ya toshe hanyoyin ruwa ma, inji ya yi ta dahuwa a hankali.

Aka ce, "Baba, mene ne?"

Ya goge yatsa a buhu ya ce, "Tsufa ne. Ku watse, kasuwa na ci."

Ba da bakinsa muka ji sauran ba. Alhaji ne da kansa, bayan ya je har gida ya ba Gwaggo Yelwa haƙuri, yake faɗa a majalisa cewa shi ya sa a riƙa zuba kukar don gudun sayen sabon lagireto, kuma shi ya yarda in rubuta. Yakan ce, "Na yi wa mota miya, na ce wani ya sha romon."

Baba Hammadu, kai ne ka shaƙi hayaƙi daga Gwarzo zuwa Kabo don ɗan wani. Kai ne ka wanke yaro ba ka tona babba ba. Gatan Yelwa, gatan direbobi, mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa Lukuman ya gaji haƙurinka. Mu kuma, kafin mu ce wane ɓarawo ne, mu daure mu bi bayan motar tukuna.

Motar tana nan tana aiki, Tasi'u ne a kanta. Ranar kasuwar da ta wuce ya ajiye ta kusa da gareji ya shiga masallaci. Ina kallo Baba Hammadu ya tashi daga kan tayarsa, ya lallaɓa ya ɗaga bonet, ya kai geji dab da idonsa. Ya ɗauko butarsa ya ƙara wa lagireto ruwa, ya rufe a hankali, ya koma ya zauna. Tasi'u ya fito ya tayar da mota ya wuce, bai ko waiwaya ba.