Kujerar Gaba a Motar Dakta

A wurin sayar da motoci na unguwar Harra ta Yamma a Madina, wani dattijo mai furfura a gemu yana tsaye tsakanin motoci biyu, yana ta juya makulli a hannu. Ta hagu baƙar Marsandi ce da ya ɗauka haya. Yau wa'adinta ya cika, ko ya saye ta ko ya mayar. Ta dama kuwa sabuwa ce fil, ko ledar kujerunta ba a cire ba.

"Ya Dakta, halas, ya isa haka mana," in ji dillalin, wani matashi haifaffen Madina. "Tun hantsi kake zagaye su kamar mai ɗawafi."

Dakta yana shafa sabuwar, amma idonsa na kan tsohuwar. Kujerarta ta gaba a kwance take sosai, da ɗan matashin kai a jingine, irin zaman mai ciwon baya. Wataƙila matarsa ce yake kaiwa Masallacin Ƙuba duk Asabar, har ranar da ta daina zuwa.

Dillali ya kai hannu zai miƙar da kujerar. Dakta ya riƙe shi.

"Bar ta haka, ɗana."

"To wacce za ka ɗauka?"

"Wallahi ban sani ba. Hajiya ce ke zaɓa mana, Allah Ya ji ƙanta."