Na Kafa Masallacin Da Ya Juya Wa Ka'aba Baya

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Shekara uku ke nan wannan abu yana cina, yau na ce bari in amayar da shi ko na sami sauƙi. A lokacin shekarata talatin da huɗu, haifaffen unguwar Hindawiyya ne ni a nan Makka, sana'ata kafa tantuna, na daɗe ina yi wa alhazai a Mina da Arfa. Ban tara komai ba sai suna. A unguwarmu in aka ce aiki ya bi ta hannuna, ba mai sake dubawa, kuma da wannan yardar nake ci da iyalina.

Duk lokacin sanyi mutanenmu kan fita barr, wato jeji, a yi kwana uku. Dangi daga unguwar Utaibiyya da waɗanda rusau ya watsa daga unguwar Nakkasa duk a haɗu, a yanka raguna, a sha shayi, a ga juna. A shekarar aka zaɓi wani fili a hanyar Ɗa'ifa, gabas da Makka. Na ajiye aikina na ce zan kafa sansanin fisabilillahi. Shugaban kwamitin kawuna ne, yayan mahaifiyata, dattijon da ya shigo ƙasar nan ta Sudan tun yana saurayi, kuma mutum ne da ba a ja da shi.

Mun gama tantin mata da na girki, muka zo kan babban tantin sallah da hantsi. Kawu ya dubi inda rana ta fito, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce nan ne alƙibla. Haka ake yi a ƙasar Hausa, haka suka yi a duk tafiyarsu, amma mu a nan mun riga mun wuce Makka, tana yamma da mu. Na matsa kusa na faɗa masa a hankali, har na nuna masa a waya. Sai ya ɗaga murya a gaban masu aiki, wai shi yana sallah tun ba a ƙera wannan abin ba, wai 'ya'yan yanzu daga sun iya Larabci sai su raina na gaba. Aka yi min dariya. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata to shi ke nan, jiki magayi. Ba zan ɓoye ba, ba kunyarsa ce ta rufe min baki ba, so nake ya sha kunya. Na buga turaku, na shimfiɗa dardumai a kan layinsa.

Washegari jama'a suka cika wurin, gari da hadari, ba a ganin rana. Wa yake shiga masallaci ya tsaya binciken alƙibla? Aka tayar da Azahar, ni kuwa na zame na ce zan duba janareta, na yi tawa ni kaɗai a bayan motar ruwa, ina fuskantar inda ya dace. Ana sallamewa sai ga wani Balarabe makiyayin raƙuma da ya tsaya yana kallo, ya tambayi liman ko baƙi ne su, don Ɗakin Allah yana bayansu. Wuri ya kaure da salati. Ina jira in ga yadda kawu zai yi, sai ya miƙe ya nuna ni da sanda.

"Shi ne mai sana'ar. Mu tsofaffi me muka sani? Na ce masa ya duba da kyau."

Masu aikin da suka ga komai duk suka sunkuyar da kai, matsorata. Kafin in buɗe baki mahaifiyata ta aiko kirana, tana kuka ta ce in rufa masa asiri, shi ya riƙe ta tana marainiya, kada in tozarta furfurarsa. Na haɗiye. Ban dawo ba sai da wani ya faɗa wa jama'a cewa ya gan ni a bayan mota ina sallah ina fuskantar yamma. Nan magana ta canja: ashe na sani, na gyara tawa, na bar iyayena da malamaina suna juya wa Ka'aba baya.

Ƙaryar kawu zan iya ƙaryata ta, amma wannan fa? Gaskiya ce tsagwaronta. Aka sake sallar, malamai suka ce ba laifi a kan wanda bai sani ba, kowa kuma ya gane wanda ake nufi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kirana kafa tanti, ko na biki ko na zaman makoki. Kawu yana nan a kujerarsa, muna gaisawa, bai taɓa tayar da maganar ba.

Ina jin haushinsa, ina jin haushin waɗanda suka yi shiru, amma haushin kaina ya fi. 'Yan'uwa, in kun ga babba zai kai jama'a ga kuskure, ku tsaya ku sha zagin a ranar, zagi ba ya ƙari. Kada ku yi irin nawa, ku tsare kanku ku zuba ido kuna jiran ya faɗi. Ni na jira, kuma da aka tashi tambaya, ba a tambayi wanda ya ja layi ba, wanda ya sani aka tambaya.